Yadda Za A Gasa Haƙarƙarin Sa Domin Ranar Biki

Iskar hunturu ta fara kaɗawa. An gama girbin gero, wake ya shiga rumbu, harawa tana bisa itace. A gidajenmu kuwa an fara lissafin Kirsimeti da Sabuwar Shekara, da bukukuwan auren da aka ɗaga sai bayan kaka. Duk inda maigida da uwargida suka zauna wannan lissafi, maganar nama ce kan gaba. Sabon zane sai wanda Allah ya hore wa, amma ba maigidan da yake so baƙi su shigo gidansa ranar biki su fita ba su taɓa nama ba.

A wannan wata muna so mu yi magana a kan yanki ɗaya na jikin sa, wato haƙarƙari tare da tsokar da take kwance a bisansa, da yadda za a gasa shi ɗungurungum a kawo gaban baƙi. Mun ɗauki misalinmu daga ƙasar Gobir, wajen Unguwar Lalle da Sabon Birni da Isa, domin can an san shanu tun kaka da kakanni, can kuma nama ya yi wuyar da ba a wasa da shi. Abin da za mu faɗa a kan naman can, haka yake ga naman Kano da Zariya da Maraɗi, gama shanun duk dangin juna ne.

ƘASAR SHANU, AMMA NAMA YA YI WUYA

Unguwar Lalle tana cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, a arewa maso gabashin Jihar Sakkwato, kusa da iyakar Nijar. A wannan yanki ne kangon Alƙalawa yake, babban birnin Gobir na dā wanda ya faɗi a 1808. Da rani fadamun Gulbin Rima sukan tara garkuna daga ko'ina, waɗansu na gida, waɗansu sun gangaro daga Nijar. Akwai Bokolo, wanda ake kira Gudali, mai gajeren ƙaho da cikar jiki. Akwai Rahaji, ja mai dogon ƙaho. Akwai kuma farin sa, Bunaji.

Amma masu karatu sun san abin da ya sami wannan ƙasa. 'Yan bindiga sun kwashe shanu masu yawa, tun daga 2019 kuwa dubban mutane suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi gudun hijira. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta dakatar da cinikin dabbobi na wani lokaci a kasuwannin waɗansu ƙananan hukumomi, har da Sabon Birni da Isa. A watan Oktoba na shekarar nan aka kai hari kasuwar Unguwar Lalle kanta, aka kashe kimanin mutum 20.

Saboda haka iyalin da suka tara kuɗi suka sayi nama kilo 3 domin biki, ba ƙaramin ƙoƙari suka yi ba. In naman ya ƙone, ko kuwa ya fito da tauri, ba kuɗin da za a koma a sayo wani. Sau ɗaya za a yi shi, tilas ne kuwa a yi shi daidai.

KUSKUREN DA MUKA YI

Mu ma da kunya muka koya. Wata shekara mun sami littafin girki na ƙasar Turawa, da hoton gasasshen haƙarƙari mai sheƙi a ciki. Muka bi abin da aka rubuta daki-daki. Muka zuba wuta mai ƙarfi, bayan awa ɗaya da rabi muka sauke. Waje ya yi baƙi, ciki jini na tsattsafowa, wuƙa kuwa sai ka ce kirgi take yanka. Baƙi suna ta tauna suna yaba mana don kara.

Da dare tsohuwarmu ta kira uwargida ta ce, "'Yar nan, san nan da ƙafarsa ya zo daga Nijar, ya shekara bakwai yana tafiya. Ku kuwa kuna so ku gama da shi kafin a tashi daga sujada?"

Uwargida ta ce, "Inna, ai haka littafin ya ce."

Tsohuwa ta ce, "Mai littafin bai taɓa ganin sanmu ba."

Gaskiya ta faɗa, ga kuwa dalili.

NAMANSU DA NAMU

Sa yana da haƙarƙari 13 a kowane gefe. A Amurka akan cire daga na 6 zuwa na 12, guda bakwai ke nan, tare da doguwar tsokar da take bin ƙashin baya. Wannan tsoka ba ta yin aiki mai nauyi irin na cinya ko wuya, shi ya sa ta fi su taushi. Amurkawa suna ɗaukar wannan yanki a matsayin zaɓaɓɓen naman Kirsimeti, Ingilishi kuwa sun daɗe da al'adar gasasshen naman sa ranar Lahadi.

To, amma ina irin shanun? A Amurka yawanci akan yanka sa tun bai wuce shekara biyu ba, bayan ya yi watanni a killace yana cin masara. Kitse yakan ratsa cikin tsokarsa fari-fari kamar zanen tabarma. Tun 1927 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka take sa wa naman sa daraja, yawan kitsen nan na cikin tsoka kuwa yana cikin manyan abubuwan da ake dubawa. Bayan yanka kuma akan ajiye naman a ɗakin sanyi mako biyu ko uku, har ya saki jiki. Irin wannan nama ne ake gasawa a buɗe, a ci shi cikinsa yana ja.

Namu ya sha bamban ta hanya uku. Na fari, sanmu ya manyanta, ya yi kiwo mai nisa, wani ma ya yi shekaru yana jan garma. Na biyu, kitsensa ba ya ratsa tsoka sosai, ya fi taruwa a tozo da kewayen ƙoda. Na uku, da asuba aka yanka shi, da hantsi muka saya. Bayan yanka da waɗansu sa'o'i tsoka takan sandare, sai ta yi kwanaki cikin sanyi kafin ta sake. Mu kuwa daidai lokacin da take sandarewa muke ɗora ta a wuta. Bugu da ƙari, masana sun tabbatar naman shanu masu tozo ya fi jinkirin yin taushi ko da an ajiye shi.

Kada wannan ya karya mana gwiwa. Naman sanmu ya fi ɗanɗano, kowa ya sha romonsa ya sani. Abin da yake sa shi tauri shi ne farar jijiya mai kama da zare da take ɗaure tsoka. Wuta mai ƙarfi tana ƙara ɗaure ta. Amma in ta yi sa'o'i cikin zafi mai laima, sai ta narke ta zama irin abin nan mai danƙo da muke gani a romon ƙafar sa in ya huce ya daskare. Wannan narkewa ita ce taushi, ba ta kuwa yiwuwa da gaggawa. Magabata sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Dokar gashin namu ke nan: wuta kaɗan, tukunya a rufe, lokaci mai tsawo, sa'an nan garwashi a ƙarshe.

A WURIN MAHAUCI

Aikin yana farawa tun kafin a yanka sa. A yawancin garuruwanmu watanda ake yi lokacin biki, wato gidaje su haɗa kuɗi su sayi sa guda, a raba naman kashi-kashi. Mai rabon watanda kuwa yakan daddatsa kome gunduwa-gunduwa domin kowane kashi ya sami tsoka da ƙashi da kayan ciki. Wanda yake son haƙarƙari ɗungum sai ya faɗa tun ranar da ake tara kuɗi, a gaban kowa, ya kuma yarda a rage masa wani abu a madadinsa. Kada nama ya ɓata zumunci.

In a kasuwa ne, maigida ya je wurin mahauci, ko barunje kamar yadda ake cewa a ƙasar Sakkwato, kwana ɗaya kafin yanka. Ya roƙe shi abu huɗu. Ya cire masa haƙarƙari uku ko huɗu na wajen tsakiyar baya, da tsokarsu a kai. Ya rage tsawon ƙasusuwan su zama kamar taƙi ɗaya, domin su shiga tukunya. Ya ɗan sassare ƙashin baya tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari ba tare da farfasa shi ba. Ya kuma bar kitsen da yake bisa, ya ƙara da yankin tozo kamar kwatan kilo. Tozon nan shi ne zai ba namanmu abin da masara ta ba na Amurka.

In da hali, a nemi san turke, wanda aka ɗaure a gida aka ciyar da harawa da dusa. Ya fi na garke kitse da taushi. Ido ba mudu ba, ya san kima: nama mai kyau ja ne mai haske, ba ya yauƙi, ba ya wari, in an danna shi da yatsa sai ya komo.

Akwai abu uku da za a yi hankali da su. Na ɗaya, in an ga ƙananan ƙulli farare cikin tsoka, kamar ƙwayar shinkafa ko ɗan wake, 'ya'yan farar tsutsar ciki ne, a bar naman. Na biyu, kada a sayi naman dabbar da ta faɗi da ciwo aka yi saurin yanka ta. A watan Yuli na 2023 hukuma ta tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona a Suleja, Jihar Neja, ciwon nan kuwa yana kama mutum. Na uku, arhar da ta wuce misali abin tambaya ce. A ƙasar da ake satar shanu, mai sayen nama a hannun wanda ba a sani ba yana iya ciyar da baƙinsa da hawayen wani.

Mu tuna kuma da maƙwabtanmu Musulmi waɗanda za mu aika wa abinci, kamar yadda su ma suke aiko mana da Salla. In mahaucin gari ne ya yanka, kowa zai ci da kwanciyar rai.

AJIYA DA GISHIRI

Mai firiji, wanda wutarsa take tsayawa, ya sayi naman kwana biyu ko uku kafin biki, ya ajiye a wajen sanyi, ba wajen ƙanƙara ba. Daren jajibiri ya shafa gishiri ya mayar. Kwanakin nan za su rage tauri sosai.

Wanda ba shi da firiji kada ya gwada wannan. Sanyin hunturu yana sa mu rawar ɗari, amma bai kai ya tsare ɗanyen nama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna sai sanyi ya yi ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Salshiyas yake hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Daren Disamba a ƙasar Sakkwato bai kusanci haka ba. Sai a sayi naman da sassafe ranar biki, a shafa gishiri da kayan ƙamshi, a rufe shi a inuwa awa ɗaya, a ɗora.

Waɗansu sukan naɗe nama da ganyen gwanda da aka murza. Akwai gaskiya a ciki, gama ruwan gwanda yana sassauta tsoka, ɗanyar citta ma haka. Amma a babban yanki irin wannan bisa-bisa kaɗai suke aiki. Kanwa kuwa in ta yi yawa sai naman ya yi duhu da santsi, ɗanɗanonsa ya mutu. Muna kuma gargaɗi da babbar murya a kan masu jefa ƙwayar farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin nuna. Magani ba kayan miya ba ne, yana iya yi wa hanta da ƙoda lahani.

KAYAN DA AKE BUKATA

Wannan zai ishi mutum takwas zuwa goma in an haɗa da shinkafa ko waina:

Haƙarƙari da tsokarsa, kilo 3
Kitsen tozo, kwatan kilo
Gishiri, babban cokali 1 da rabi
Tafarnuwa, dunƙule 1
Ɗanyar citta, kamar babban yatsa 2
Masoro, ƙaramin cokali 2
Kanumfari, ƙwaya 5
Kimba, guda 2
Albasa manya, 4
Man gyaɗa, babban cokali 4
Ruwan zafi, kofi 2
Garin ƙuli-ƙuli rabin kofi da ɗan barkono, domin ƙarshe

Sai babbar tukunyar ƙarfe mai kaurin gindi da murfin da yake rufuwa kam, da gawayi mai kyau. Gawayin ƙirya ya fi daɗewa yana ci. Kada a kunna shi da leda ko roba.

YADDA ZA A YI

Na ɗaya. A daka tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari da kimba tare da gishiri, a kwaɓa da rabin man gyaɗa. A goge naman da tsumma mai tsabta ya bushe. A sossoke shi da bakin wuƙa wuri goma sha biyu ko fiye, zurfin gaɓar yatsa biyu. A yanka rabin tozon siriri-siriri, a dulmiya cikin kayan ƙamshi, a cusa a kowane rami. Sauran kayan ƙamshin a shafe naman da shi ko'ina.

Na biyu. A yanka albasa manya-manya a shimfiɗa a gindin tukunya. A kwantar da naman a kai, ƙasusuwa ƙasa, tsoka sama. Haka ƙasusuwan za su zama masa gado, ba zai kama ba. A shimfiɗa sauran tozon a bisa tsokar kamar mayafi. A zuba ruwan zafi ta gefe, kada ya wanke kayan ƙamshi, kada kuma ya taɓa tsokar. Ba dafa naman za mu yi cikin ruwa ba, tururi muke nema.

Na uku. A rufe. In murfin yana fitar da tururi, a kwaɓa ɗan garin alkama ko na rogo a liƙe bakin. A sa garwashi kamar cikin tafi biyu a ƙarƙashi, kamar haka kuma a bisa murfi. In murfin mai tudu ne, a kifa shi ya zama kamar faranti, ko a ɗora faifan ƙarfe.

Na huɗu. A kasa kunne. In tukunya tana cewa ɓul, ta yi shiru, ta sake cewa ɓul, wuta ta yi daidai. In tana ɓararraka, a janye garwashi. In an ji ƙauri, ruwa ya ƙone, a buɗe a ƙara rabin kofi na ruwan zafi. Kowane minti 40 ko makamancin haka a ƙara garwashin da aka riga aka hura a gefe. A tsakar gida za a yi wannan aiki, ko a madafi mai shan iska. Kada sanyi ya sa a shiga da gawayi ɗaki a rufe ƙofa, gama yana fitar da iska marar wari mai kisa. A kuma kawar da yara daga wurin.

Na biyar. Bayan awa uku a buɗe, a ɗebi romo da ludayi a zuba a bisa naman, a soka tsinken tsire a wuri mafi kauri. In ya shiga ya fita ba gardama, ya nuna. In yana turjiya, a rufe a ƙara minti 45. San turke yakan yi awa uku zuwa uku da rabi. Tsohon sa yana iya kai awa biyar. Naman ne zai faɗa, ba agogo ba.

Saboda haka in ana so a ci da ƙarfe 2 na rana, tukunya ta hau wuta kafin ƙarfe 8 da rabi. A shirya tun daren jiya wanda zai tsaya wa wuta lokacin da sauran suka tafi sujada. Kada a ce kullum uwargida ce. Maigida da manyan samari ma sun iya ƙara garwashi, ana kuma iya yin karɓa-karɓa.

Na shida. A ciro naman a hankali da manyan cokula biyu. A haɗa garin ƙuli-ƙuli da barkono da sauran mai, a shafa masa. Dalilin da ya sa muka bar ƙuli-ƙuli sai yanzu shi ne, in ya daɗe a wuta yakan ƙone ya yi ɗaci. A ɗora naman bisa raga a kan jan garwashin da ba harshen wuta, ana juyawa, minti 10 zuwa 15, har ya yi ja ya ɗauki ƙamshin balangu.

MASU TANDERU

Mai tanderun gas ko na lantarki ya yi haɗin nan cikin tasa mai zurfi, ya rufe kam, ya sa zafi digiri 150, awa uku da rabi zuwa huɗu da rabi. Sa'an nan ya buɗe, ya shafa ƙuli-ƙuli, ya ƙara zafi zuwa 230 na minti 10. In akwai gidan burodi kusa, ana iya roƙon mai shi ya sa tukunyar a tanderunsa bayan ya kwashe burodin safe, sa'ad da zafin ya fara sauka. A tuna da shi lokacin rabo.

Wataƙila wani ya ce shi yana so ya ci irin na Turawa, ja a ciki. In ya sami naman ƙaramin sa mai kitse wanda ya kwana biyu a firiji, yana iya gasa shi a buɗe. Amma ya san iyaka. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka kanta ta ce tsakiyar naman ta kai digiri 63, a kuma bar shi ya huta minti 3. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa digiri 70 ta ba da shawara. Mu da muke da yara da tsofaffi da masu juna biyu a bakin akushi, muke kuma sayen naman da sau da yawa ba malamin dabbobi da ya duba shi, gara mu tsaya a kan 70. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya soka tsinke har tsakiya. Ruwan da zai fito ya zama garau, ba ja. Rigakafi ya fi magani.

HUTAWA DA YANKA

Ga wurin da yunwa take sa mutane kuskure. Nama ya sauka, ƙamshi ya cika gida, yara sun kewaye, sai a kai masa wuƙa nan take, ruwansa duk ya tsiyaye a faranti. A rufe shi da tasa a bar shi minti 20 tukuna.

Kafin nan a tace romon tukunya. A kwashe man da ya taso sama a ajiye domin miya. Albasar ta riga ta narke, a murje ta cikin romon, a tafasa kaɗan, a ɗanɗana gishiri. Wannan romo shi za a zuba a bisa nama da shinkafa.

Wajen yanka, a bi jikin ƙasusuwa da wuƙa mai kaifi a raba su da tsoka. Sa'an nan a dubi yadda zaren tsokar ya miƙe, a yanka shi a gicciye, fale-fale, kaurin bai wuce rabin yatsa ba. Wanda ya bi tsawon zaren ya mayar da wahalar awa huɗu banza, gama haƙori ne zai yi aikin da wuƙa ta bari.

Abin da ya ragu kada ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba firiji. Wanda ba shi da firiji ya mayar da shi cikin romo ya tafasa shi sosai da dare, ya sake tafasawa da sassafe, a cinye shi a ranar. Ƙasusuwan kuwa, bayan yara sun gwagwiya wanda aka ba su, sauran su shiga miyar kuka ta kashegari.

RABO

Yanka fale-fale yana da wata riba. Naman da in an daddatsa shi gunduwa-gunduwa zai ƙare a hannun mutum shida, in an yanka shi haka sai ya kai goma, har a sami na aikawa. Kafin a kai wa baƙi, uwargida ta cire kwano biyu ko uku. Ɗaya na maƙwabta. Ɗaya na tsohuwar da ba ta da mai saya mata. A garuruwa da yawa na ƙasar Sakkwato da Maraɗi akwai kuma iyalan da suka baro ƙauyukansu, waɗansunsu da garke suke dā, yau kuwa sai su yi watanni ba su ga nama ba. In akwai irinsu a unguwa, kwano na uku nasu ne, a kuma aiki yaro mai ladabi ya kai da gaisuwa.

Shekarar da ta biyo bayan kunyarmu mun sake gwadawa, da tukunyar ƙarfe da gawayi, tun da sassafe. Tsohuwarmu, wadda haƙoranta ba su fi shida ba, ta ci yanka biyu ba ta nemi turmi ba. Da ta gama ta wanke hannu ta ce, "To, yanzu kun ba sa girmansa."

Muna roƙon iyayenmu mata da suka gwada su rubuto mana yadda ta kasance, da irin dabarun da ake yi a garuruwansu, domin sauran masu karatu su ƙaru. Allah ya kawo salama a ƙasar Gobir, shanu su koma fadamunsu, ya kuma kai mu bikin lafiya.